Kiɗan da Aka Sauke Mataki Uku

Ina tsugune a tsakar ɗaki ina zuba sababbin batiran makirufo cikin jakar aiki, Yaya ya turo ƙofa ko sallama babu. Duk ranar da babban yayana ya shigo haka, to akwai magana a bakinsa, kuma ba ta yabo ba ce.

"Auta, gobe ne fa Lahadin."

"Na sani, Yaya."

"Wata huɗu kenan kina cewa kin sani. In magabatan yaron nan ba su tako sun zo gidan nan gobe ba, magana ta ƙare. Ki ajiye makirufo, ki ajiye Injiniyanki, ki saurari mai kemis. Bawan Allah yana ta zaman jiranki, alhali 'yan mata bin sa suke yi."

Na ce a raina, su bi shi mana, wa ya riƙe musu ƙafa. Mai kemis abokin Yaya ne, kuma mutumin kirki ne ba ƙarya, amma sau uku yana zuwa zance wurina, sau ukun nan hirar hawan jini muka yi.

Umma tana zaune a bakin gado tana ninke mini mayafi. Tun rasuwar mahaifinmu Yaya ne uba a gidan, don haka ba ta cika sa baki ba. Ranar dai ta kasa daurewa.

"Ni ba yaron nake ji ba, uwarsa nake ji," ta ce. "Matar da ta aiko aka gaya mini ɗanta ba zai auri mai riƙe makirufo a gaban maza ba. Ni na haife ki, Auta. Har yau maganar nan ba ta bar raina ba."

"Umma, ta sauko. Ya rantse mini da Allah gobe da la'asar za su zo."

Yaya ya ja tsaki. Tsakin nan ne ya tunzura ni, na miƙe tsaye na faɗi abin da ban shirya faɗa ba.

"In ba su zo ba, Yaya, duk abin da ka yanke na yarda. Ba za ka ƙara jin bakina ba."

Ya dube ni, sannan ya ce, "Umma, ke ce shaida."

Na saɓi jakata na fita zuciyata fes, ko ɗar ban ji ba.

*

Aikina shi ne gabatar da daren karaoke a wani gidan cin abinci da ke hawa na biyu, duk Juma'a da Asabar, daga biyar na yamma zuwa tara. Na'ura ce ke buga kiɗan waƙa ba tare da murya ba, kalmomin su riƙa fitowa a allo, duk mai jin zai iya ya hau ya rera. Ni ke kiran suna, ni ke lallashin mai jin kunya, ni ke nemo wa kowa tafi ko da muryarsa irin ta tsohuwar ƙofa ce.

Mutane suna ɗauka aikin surutu ne kawai. Su zo su gani. Awa biyu kafin a buɗe ƙofa ina wurin. Na gwada makirufo biyun, na goge kawunansu, na tabbatar lasifika suna gaban dandamali ba bayansa ba, don in makirufo ya fuskanci lasifika, ƙarar da za ta tashi sai ta sa jariri kuka a gida na uku. Na bi tebur-tebur na ajiye 'yan takardu da biro na rubuta suna da waƙa. Wanda ya riga miƙo takardarsa shi ke riga hawa, ko shi ɗan waye.

Kuma kafin kowa ya buɗe baki, tambaya ɗaya nake yi masa: a ɗaga kiɗan ko a sauke? Yawancinsu ba su san amsar ba. Sai saurayina Injiniya, da ke zaune bayan na'ura, ya bar su su yi layi biyu, ya saurara, sannan ya gyara a hankali har kiɗan ya zauna daidai maƙogwaronsu. Bai taɓa cankar muryar da bai sani ba. Yakan ce murya ba takalmi ba ce da za ka kalli ƙafa ka faɗi lamba.

Tawa muryar sai da muka yi mako uku muna zama bayan an tashi kafin ya gano mata mazauni. A makonni ukun nan ne ya fara raka ni bakin titi, daga nan kuma abin da ya faru ya faru. Shekara biyu kenan.

Ina cikin jera takardu Manaja ya leƙo, da tumbinsa da tarin makullansa.

"Madam, teburin gaba na mutum goma sha biyu ne yau. 'Yan gidan Injiniya ne, har da mahaifiyarsa. A kula da su."

Na nufi wurin Injiniya, na same shi sunkuye yana naɗe wata wayar da tuni take a naɗe.

"Hajiya za ta zo ba ka gaya mini ba?"

"Jiya ta yanke shawara," ya ce, bai ɗago ba. "Tana so ta ga aikin da idonta."

"Kafin gobe?"

"Eh."

Wallahi daɗi na ji. Na ɗauka jarrabawa ce ta ƙarshe, matar ta zo ta gani da kanta cewa ba wani abin ashsha muke yi ba. Na shiga banɗaki na gyara mayafina ya sauko har gwiwar hannu, na goge jan-bakin da na shafa. Wawiya ni, har addu'a na yi Allah Ya sa in burge ta.

*

Ƙarfe shida wurin ya cika. Na buɗe da waƙa mai zafi da kaina kamar kullum, don ba wanda ke son zama na farko. Wani tsohon malamin makaranta ya biyo baya ya kashe wata waƙa murus, na sa aka tafa masa har ya zauna yana share gumi yana murna. Wasu 'yan mata uku suka hau tare suna ƙyalƙyala dariya. Komai na tafiya lafiya lau.

Hajiya na zaune a tsakiyar teburin gaba, ta sha mur, ga gilashi a karan hanci. Na je har gabanta na rusuna na gaishe ta. Ta amsa da "lafiya" guda ɗaya, ta mai da kai ga wata budurwa da ke gefenta, siririya mai sanyin fuska. Na san labarinta ko da ban taɓa ganinta ba. 'Yar kawun Injiniya ce, nas ce a wani asibiti, kowa a gidansu Nas yake ce mata.

Takarda ta tara daga teburinsu ta fito, da rubutu mai kyau kamar an buga. Nas ce za ta rera. Da na ga waƙar da ta zaɓa sai da na tausaya mata. Waƙar soyayya ce mai farawa a ƙasa-ƙasa, ta yi ta hawa har ta kai inda numfashi ke ƙarewa. A shekara biyu ban ga wanda ya haye ta lafiya ba tare da an gyara masa kiɗa ba.

Na kira ta, aka tafa, ta hau tana sunne kai. Na miƙa mata makirufo na ce, "'Yar uwa, a ɗaga miki kiɗan ko a..."

Ban rufe baki ba kiɗa ya tashi.

Kunnena bai taɓa yi mini ƙarya a wurin aiki ba. An sauke kiɗan mataki uku cif. An rage masa gudu kaɗan, daidai yadda mai gajeren numfashi za ta samu sararin shaƙa. Yarinyar ko "a" ba ta ce ba, amma kiɗan ya zauna mata kamar rigar da tela ya auna.

Na waiwaya na dubi Injiniya. Idonsa na kanta. Ya ɗaga yatsu biyu, ya sauke su daidai inda za ta shiga, ita kuma ta shiga ba tare da ta kalli allo ba. Hannunsa take kallo.

Wannan alamar tamu ce. Ni da shi muka ƙirƙiro ta a makonni ukun nan, ba wanda ya san ta.

Mutum ba ya sanin mataki uku a zama ɗaya, ko biyu, ko biyar. Na san adadin yammacin da ake ɓatawa kafin a kai nan, na san kusancin da ake yi da juna, na san irin dariyar da ake yi in an yi kuskure. Ni aka fara yi wa, ai dole in sani. Ina tsaye a gefen dandamali da murmushin dole a fuskata.

Ta yi baiti na farko lafiya, ta yi na biyu. Da aka zo hawan nan na ƙarshe, ta ɗaga ido ta ga jama'a, sai muryar ta tsinke. Kalmomi suka ci gaba da wucewa a allo, ita tana tsaye baki buɗe. Wani a baya ya yi 'yar dariya. Idonta ya ciko da hawaye.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ce mini bar ta. Ki tsaya ki naɗe hannu, ta sha kunya a gaban surukar tata, ke me ya dame ki.

Amma ban taɓa barin mutum ya nutse a dandamalina ba, kuma hannuna ya riga zuciyata. Na ɗauki makirufo na biyu, na matsa kusa da ita, na shiga waƙar a ƙasa da muryarta yadda za ta samu abin takawa. Na dafa kafaɗarta. Ta kama, ta biyo ni, da muka kai ƙololuwa na janye tawa muryar na bar mata ita kaɗai ta ƙarasa.

Wurin ya ɗauki tafi. Ni na raka ta ta rera wa saurayina waƙar soyayya, kuma na yi aikin da kyau.

Kafin in kira suna na gaba, Hajiya ta miƙe ta miƙo hannu. A ƙa'ida ba na ba wa wanda bai rubuta takarda makirufo ba. Amma wa zai hana uwar Injiniya? Na ba ta da hannu biyu.

"Jama'a, ku taya mu murna," ta ce, bakinta har kunne. "Wannan da kuka ji 'yata ce, kuma matar ɗana ce in Allah Ya yarda. Ga shi can bayan na'ura. Makon jiya aka tsayar da magana, wata mai zuwa biki."

Aka sake tafi, wasu har da fito. Sannan ta juyo ta dube ni ta saman gilashinta, sama da ƙasa.

"Ke kuma yarinya, kin iya aikinki, ba laifi. Ranar walimar ma ke za mu ɗauka ki yi mana."

Na karɓi makirufo. Na ji bakina yana cewa, "Allah Ya sanya alheri, a ƙara musu tafi." Na duba takarda ta goma, na kira sunan, na tambayi mai ita a ɗaga ko a sauke. Har yau ban san wace waƙa ya rera ba.

*

Ƙarfe bakwai da rabi muke ba da hutun minti goma sha biyar. Na shige ɗan ɗakin da muke ajiye kujeru da wayoyi, na jingina da bango. Ban yi minti ɗaya ba Injiniya ya shigo ya tura ƙofa.

"Ki saurare ni," ya ce.

"Mataki uku," na ce. "Yaushe ka gano?"

Ya kau da kai.

"Tambayarka nake yi. Ni mako uku ka ɗauka. Ita fa?"

"Wata biyu," ya ce a hankali. "Ranar Litinin, in wurin nan a rufe yake."

"Litinin." Dariya ta kubce mini, hawaye suka biyo ta. "Litinin ɗin da kake ce mini kana kai Hajiya asibiti? Ni ina gida ina yi mata addu'ar samun sauƙi, ina aiko maka da saƙo ya jikin Hajiya, kai kana nan kana ɗaga wa wata yatsu biyu?"

"Hajiya ce ta matsa. Ta ce yarinyar na son ta koyi waƙa ɗaya, in taimaka mata. Ban san abin zai kai nan ba."

"Makon jiya aka tsayar da magana. Shekaranjiya ka tsaya a ƙofar gidanmu ka rantse mini da Allah. Ka san an tsayar, ka rantse."

"Na kasa gaya miki. Duk ranar da na zo da niyyar faɗa, in na ga fuskarki sai bakina ya mutu. Hajiya ta ce in ban bi maganarta ba, ba ita ba ni. Uwata ce fa. Ya kike so in yi?"

"In da ka zo ka ce mini uwata ta fi ƙarfina, wallahi da na yi kukana na haƙura. Wa zai ce ka bar uwarka? Amma ka bar ni ina ta faɗa da 'yan gidanmu a kanka. Ka bar Ummata tana kwana da baƙar maganar uwarka a ranta. Yau ɗin nan, kafin in fito, na ɗaure kaina a gaban Yaya saboda rantsuwarka."

Ya runtse ido. "Na ɗauka in ta zo ta ga yadda kike aiki, ko zuciyarta za ta yi laushi."

"Ta gani ai. Har ta ba ni aiki."

Ya matso zai kama hannuna, na janye.

"Gaya mini da bakinka, ina so in ji. Gobe akwai mai zuwa gidanmu?"

Ya sunkuyar da kai. "Babu."

"Tun farko an taɓa shirya zuwan?"

Ya girgiza kai.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na goge fuska da gefen mayafi na buɗe. Nas ce, tana murmushi, idonta har yanzu da jan kuka.

"Anti, ke nake nema," ta ce, ta riƙe hannuwana biyu. "Kin rufa mini asiri, Allah Ya rufa miki. Da ba ki shigo ba da na mutu a tsaye. Dama kullum yana ba ni labarinki, yana cewa duk wurin nan ba shi da abokiyar aiki kamarki, kamar yayarsa ya ɗauke ki."

Na dube ta sosai ko zan ga makirci, ban ga komai ba sai godiya. Ba ta san komai ba. Ita ma ya yi mata tata ƙaryar, daidai muryarta.

"Ba komai, ƙanwata," na ce. "Muryarki na da daɗi. Nan gaba in za ki hau, kar ki kalli jama'a, ki zaɓi mutum ɗaya da kika yarda da shi ki kalla."

"Shi zan riƙa kallo," ta ce cikin jin kunya.

Na raɓa ta gefensu na fita. Sauran takardu goma sha ɗaya, kuma na kira su duka, ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba. Sau ɗaya ban ƙara waiwayar teburin na'ura ba.

*

Ƙarfe tara na cire batira, na goge makirufo, na mai da su akwati. Na sauko daga bene ina tunanin abin hawa, sai na ga motar Yaya a bakin ƙofa. Bai taɓa zuwa ɗaukata a wurin nan ba, ya sha cewa ƙafarsa ba za ta taka shi ba.

Na buɗe gaba na shiga. Wani abu ya yi ƙara a baya, na waiga. Katan-katan na lemo ne da ruwa, an jera su har saman kujera.

"Na baƙinki ne," ya ce, ya tayar da mota. "Kar ki ce komai, bari in gama."

Muka hau titi. Ya yi gyaran murya irin ta wanda magana ke yi wa nauyi.

"Bayan fitarki Umma ta zaunar da ni. Ta ce yarinyar da za ta iya tsayawa ta ce duk abin da aka yanke ta yarda, to ta san abin da ta taka. Na yi tunani na ga na matsa miki da yawa, Auta. Tun da Baba ya rasu nake tsoron kar a wulaƙanta ki, shi ya sa nake zafi. Ba ƙi nake yi ba."

Na damƙe jakata a cinya.

"Na je na samu mai kemis da kaina, na ce ya yi haƙuri ya nemi wata, ƙanwata ta yi miji. Bai ji daɗi ba, amma zai warke. Na kira su Kawu duka, da safe za su iso. Umma kuwa tun magariba take kicin, har waƙa na ji tana yi, rabon da in ji haka na manta."

Ya juyo ya dube ni yana dariya, irin dariyar da rabona da ganinta a fuskarsa tun muna yara.

"Kin ci nasara, ƙanwata. To gaya mini, su nawa ne za su zo, don in san kujerun da zan aro?"

Fitilun motoci suna ta wucewa, kwalaben lemo suna ta karo da juna a bayanmu.

"Auta? Da ke nake."

"Yaya," na ce, "samu wuri ka tsaya a gefen hanya."